An ɗora mini gina dandamalin wasan makaranta, ni kuwa ko ƙusa ban taɓa bugawa ba

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a jihar Kano, shekarata ta biyu ke nan da fara koyarwa. A taron malamai na makon jiya shugabarmu ta ce ni zan riƙe duk abin da ya shafi dandamali a wasan kwaikwayon ranar raba kyaututtuka, daga gini da fenti har fitilu da lasifika, saboda an yi wa malamin da ya saba yi canjin wurin aiki. Saura mako 6. Wasan a kan talla ne da karatun 'ya mace, ɗalibai ne suka rubuta shi, kuma wurare uku ne a ciki: tsakar gida, kasuwa da fadar hakimi. Za a nuna sau biyu, daren jajibiri don ɗalibai, washegari da hantsi gaban iyaye da baƙi.

An ware naira dubu 120. Hajiya, shugabar tamu, ta ce tana son fada "irin ta fim". Wani abokin aikina ya ce in miƙa wa kafinta kuɗin in huta, wai aikin katako ba na mata ba ne. Amma akwai ɗalibai 9 da ba su samu fitowa a wasan ba, sun matsa suna son koyo, ni ma kuma raina yana so. Abin da ke hana ni barci shi ne an ce bara allon bango ya kife ana tsakiyar wasa, Allah ya tsare bai danne kowa ba. Ta ina zan fara? In kuɗin bai kai ba, in cika daga albashina?

Malama H., Kano

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe tunda amsarta gajeriya ce: kada ki cika ko sisi daga albashinki. In kika cika bana, abin da za a ware baɗi sai ya gaza wannan, a ce ai Malama ta iya lallaɓawa. Ki rubuta kasafi a takarda Hajiya ta sa hannu, ki riƙa ajiye rasit ko na ƙusa ne, ki kuma ɓoye kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sai makon ƙarshe, don a makon ne batir da tef da man janareto suke tasowa.

Dubu 120 ba za ta gina fadar fim ba, kuma ba ki bukatar irinta. A fim kyamara ce take kai idon mai kallo har jikin bango, dole a ƙawata kowane lungu. Uban da ke zaune a bencin baya na ɗakin taronku kuwa yana can nesa, taku ashirin ko talatin. Burinsa ya ga fuskar 'yarsa, ya ji abin da take faɗa, ya gane ina ake ba sai an yi masa bayani ba. Ke kuma naki burin ki ɗora a kai shi ne kada wani abu ya faɗo wa 'yar mutane. Duk abin da ba ya yi wa ɗayan waɗannan aiki, kada ki ba da kuɗinki a kansa. Masu fara wannan aiki sukan zuba kuɗin duka a kan katako da fenti, ranar wasa a ga bango mai kyau, yara na motsa baki, iyaye na tambayar juna "me ta ce?"

In kin taɓa zuwa Samaru, dandalin wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ginin ƙasa ne, ɗakuna zagayayyu masu jinka da katanga sun kewaye fili, fasalin gidan Bahaushe. An gina shi a tsakiyar shekarun 1970, wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara shi, kuma a nan aka horar da ɗimbin masanan wasan kwaikwayo na ƙasar nan. 'Yan tashe ma da gemun auduga da tsumma suke zama tsofaffi, duk unguwa ta yarda. Mai kallo yana da saurin cike gurbi in aka ba shi alama ta ƙwarai.

Makon farko ba na katako ba ne. Ki zauna da 'yan matan nan 9, kowace da fensir, ku karanta wasan fitowa bayan fitowa. Wa ya shigo, ta ina? Wa ya zauna, a kan me? Me ke hannunta? In an ce Inna ta leƙo daga ɗaki, to dole a samu abin da za ta ɓuya a bayansa. In ba wanda ya taɓa rijiya a wasan, ba a gina rijiya. Daga nan ku ɗauki tef ɗin awo ku auna dandamalin, faɗi da zurfi da tsayi zuwa silin, har da faɗin ƙofar da za a shigo da kaya ta ciki. Wannan ta ƙarshe mutane suna mantawa da ita sai ranar da aka kawo gini ya ƙi shiga.

Sai ku yi ɗan ƙaramin dandamali da kwalin taliya. Ma'aunin da masu wannan sana'a suka fi amfani da shi ɗaya bisa 25 ne, wato kowace mita ɗaya ta zama santimita 4. Yarinya mai tsayin mita ɗaya da rabi za ta zama 'yar tsana ta santimita 6. Ku yanka irin waɗannan guda goma, ku jera su a fitowar da ta fi cunkoso, nan take za ku ga ko wurin zai ɗauke su. Kuskuren da aka yi a kwali almakashi ne gyaransa.

Wannan kwalin shi za ki ɗauka ki kai ofishin Hajiya. Kada ki shiga da kalmar "ba zai yiwu ba". Ki ajiye shi a teburinta ki ce, "Hajiya, ga yadda muka tsara, a duba mana." Ki nuna mata fadar da zankwayenta, ki juya ta gani ta koma kasuwa. Shugaba ba fada take so ba, so take kada ta ji kunya gaban baƙinta, kuma abin da ta gani da idonta ta taɓa da hannunta ya fi saurin kwantar mata da hankali fiye da dogon bayani. In ta dage sai an ƙara wani abu, ki nuna mata layinsa a kasafi, ki tambaye ta cikin ladabi wanne za a cire.

Ga tsarin da nake ba ki shawara, tunda wurarenki uku ne. Ki yi ginshiƙai biyu masu fuska uku-uku. Kowane ginshiƙi allunan bango uku ne, faɗin ƙafa 4 tsayin ƙafa 8, an haɗa gefunansu sun yi kusurwa uku. Fuska ɗaya bangon tsakar gida, ɗaya rumfar kasuwa, ɗaya fada. Ki tsayar da ɗaya a dama ɗaya a hagu, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ƙofa, a bayansu kuma labule mai duhu marar zane. In fitowa ta ƙare, yara biyu su juya wannan, biyu su juya wancan, an bar gida an shiga kasuwa. Tsohuwar dabara ce ta gidajen wasan Girkawa, Vitruvius ɗan Rum ya bayyana ta a rubuce tun ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin da ya sa na zaɓa miki ita shi ne abu mai kusurwa uku da kansa yake tsayuwa. Allon da ya kife bara, ina kyautata zaton shi kaɗai aka jingina ko aka ɗaure da igiya, fanka ko kafaɗar wata ta tura shi. Ki buga katako a gicciye a ƙasan kowane ginshiƙi ta ciki, ki ɗora rabin buhun yashi, ki manna ƙyallen tsohon kafet a ƙasa don ya riƙa sulɓi a kan siminti. Ki bar wa kowanne fili kamar ƙafa 5, in ba haka ba kusurwarsa za ta kama labule wajen juyawa.

Kowane allo firam ne kawai da aka lulluɓe. Katakon tu-bai-tu, wato mai kaurin inci 2 faɗin inci 2, ya isa: dogaye biyu na ƙafa 8, gajeru uku, sama da ƙasa da tsakiya. Galibi katako a kasuwa tsawon ƙafa 12 ne, kin ga kowane ɗaya zai ba ki dogo ɗaya da gajere ɗaya ba asara. Alluna shida za su ci katako 14, ki sayi 16. Ki je da kanki tare da kafinta, 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, wadda ta fi miki kusa. Ki ɗaga kowane katako ki sa ido ɗaya a bakinsa ki kalli tsawonsa, in ya karkace ki ajiye. Wanda ya yi nauyi da sanyi a hannu ɗanye ne, zai murɗe bayan kwana kaɗan ya ja firam ɗin ya tafi da shi. Kafin a ɗaure firam, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In awon biyu ya zo daidai, firam ya miƙe. A ƙarfafa kowace kusurwa da guntun filawud mai kusurwa uku. A yi amfani da sukuru maimakon ƙusa duk inda ya yiwu, don a iya kwancewa ba tare da an farfasa katakon ba.

Abin lulluɓawa, na fi son akoko a kan filawud. Ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, in ma tsautsayi ya sa ya faɗi ba ya fasa kai. Ki nemo na auduga zalla a Kantin Kwari, don mai roba ba ya shan fenti. Wajen bugawa kada a ja shi ya yi tsam, a bar shi da ɗan sako-sako, domin shafen farko na fenti zai sa ya tsuke da kansa. In aka ja shi tun farko, tsukewar nan ita ke lanƙwasa firam.

Abokin aikinki ya yi rabin gaskiya. Kina bukatar kafinta. Inda ya kuskure shi ne batun miƙa kuɗi a tafi a huta. Kafinta ya saba yin gado da wadirof da za su shekara ashirin, in kika bar shi da son ransa zai kawo miki bangon da ƙarti huɗu ne za su ɗaga. Filawud mai kaurin milimita 18 guda ɗaya kan haura kilo 25 tun ba a buga masa komai ba. Ki nemi izinin Hajiya ya zo ya yi aikin a cikin makaranta, kwana biyu ko uku, kina wurin. Ki faɗa masa tun a ciniki: "Malam, yara biyu 'yan shekara 15 ne za su riƙa juya shi, kuma so nake ka koya musu." Ki biya shi ladan koyarwar, ba alfarma ba ce. Shi ya haɗa firam na farko suna kallo, na biyu su yi tare, sauran su yi yana gyara musu. Ke ma ki kama zarto a ranar, a gabansu. Hannun da ke riƙe taɓarya awa guda ba zarto ne zai gagare shi ba. Ki jawo malamin fasaha da malamar zane in kuna da su, kuma in kin san wani ɗalibi a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Bayero, yini ɗaya da zai ba ku zai yi amfani.

Dokokin wurin aiki kuwa babu sassauci. Zarton lantarki na kafinta ne shi kaɗai. Duk mai aiki ta sa rufaffen takalmi, ba silifa ba, ta kuma cusa gefen hijabinta ko ta ɗaura ɗankwali, musamman kusa da injin huda katako, don abu mai juyawa yana naɗe ƙyalle kafin a ankara. Ba a hawa tsani sai wata na riƙe da shi. Duk ƙusar da ta faɗi a tsince ta nan take, saboda wasu 'yan wasan ba takalmi za su fito.

Hakimi yana son ɗan tudu. Kada a jera tebura a lulluɓe da kafet, nan ake karya ƙafa. A yi firam na tu-bai-fo da katakai a gicciye duk bayan santimita 40, a rufe da filawud mai kauri guda ɗaya. Tsayin santimita 20 ya wadatar. Kafin yarinya ta hau, malamai biyu masu jiki su hau su yi tsalle a kai.

Fenti na ruwa za ki saya, irin na bangon ɗaki. Fenti mai mai yana ƙyalli ya mayar wa mutane haske a ido, ga wari, ga jinkirin bushewa. Fari bokiti ɗaya da 'yan kalolin haɗi sun isa. Bangon ƙasa ba kala ɗaya ba ne, don haka bayan shafen farko na jar ƙasa, a tsoma soso a wadda ta fi duhu a riƙa dangwalawa, a sake da wadda ta fi haske, ƙasan bangon ya fi samansa duhu. A kusa za ki ga kamar an ɓata aikin. Ki ja da baya har ƙarshen ɗakin ki sake kallo, daga can ake yanke hukunci. Fadar kuma abu uku ne za su yi ta: zankwaye da aka yanka daga kwali mai kauri aka kafa a sama, zanen dagi babba da za a hango daga nesa, da kilishi mai kyau a kan tudun nan da tumtum a gefe. In dogarai biyu suka tsaya da ja da kore, ba wanda zai tambayi ina ne nan. Sai dai zankwayen su zama na cirewa, kada a juya zuwa kasuwa suna nan a sama. Ƙananan zane-zane ɓata lokaci ne. Farin bango tas kuma ki guje shi, yana janye ido, fuskokin yara su dushe a gabansa.

Sauran kaya aro ne: turmi, tulu, tabarma, kujera 'yar tsugunno, faranti da fai-fai, zana guda ɗaya. Turmi na gaske ya fi duk wanda za a zana. Ki buɗe littafi, kowane abu da sunan mai shi. Wuta ta gaske ba ta hawa dandamali ko ta ashana ce. Murhu duwatsu uku ne da itace, a tura tocila a ƙasa a rufe ta da jar leda. Wuƙa ta katako, a shafa mata fentin azurfa.

Yanzu ga inda nake so kuɗinki ya fi nauyi, wato sauti. Ki yi hayar amfilifaya da lasifika biyu da makirufo uku masu tsayuwa daga wanda ya san aikinsa, ki kuma sa a cikin ciniki cewa zai zo gwaji, ba ranar wasa kaɗai ba. Lasifika su kasance a gaban makirufo, suna fuskantar 'yan kallo. Ƙarar nan mai tsaga kunne tana tashi ne idan makirufo ya ji abin da lasifika ke fitarwa ya sake mayar mata, don haka in ta tashi a rage murya a matsar da lasifika gaba, ba a buga makirufo da hannu ba. Ƙananan makirufo na maƙalawa a wuya suna da kyau a ido, amma hijabi na gogarsu sai ƙaras-ƙaras, batir kuma ya mutu a tsakiyar kukan Inna. Miƙa makirufo ɗaya daga hannu zuwa hannu yana kashe wasa. Mafi inganci a jera ukun a bakin dandamali, a tsara manyan maganganu su faɗo kusa da su, sannan a horar da yaran ɗaga murya. Ki sa ɗaya daga cikin 'yan matanki ta zauna a bencin ƙarshe a kowane gwaji da jan ƙyalle, duk lokacin da ba ta ji ba ta ɗaga. Kukan zakara da hayaniyar kasuwa a sauke su a waya tun da wuri, a jera su bi da bi, a kuma rufe layin wayar kafin a fara, kada ana tsakiyar shari'a a fada kira ya shigo ta lasifika.

Wasan hantsi ba ya bukatar fitila sosai. Abin dubawa shi ne taga: in akwai ta a bayan dandamali a toshe ta, in ba haka ba inuwar yara kawai za a gani. Na dare shi ne mai aiki. Haske ya zo daga gaba, daga sama, a karkace kamar digiri 45, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. In ya sauko daga tsakar ka, idanu sukan zama ramuka. Fitilun LED na haskaka fili masu wat 50 guda huɗu zuwa shida sun isa ƙaramin dandamali, ki nemi masu hasken ruwan ɗorawa, sun fi fito da fatarmu fiye da farare fat. Ki guji tsofaffin halojin masu wat 500. Suna zafin da zai kama labule, kuma ga lissafi: soket mai amfiya 13 a wutarmu ta bolt 230 iyakarsa kusan wat 3,000 ne, halojin shida sun cinye shi, alhali LED shida wat 300 ne kacal. Mai gyaran wuta ne zai haɗa, ba ɗaliba ba, ba ke ba. Ya raba makunnin dandamali da na ɗakin, ya ɗaure kowace fitila da waya ta biyu bayan maƙalarta, ya manne wayoyin ƙasa da tef. Tsirarar waya da aka tura a soket aka tokare da tsinken ashana, in kin gani ki tsayar da aiki. Janareto ya zauna a waje nesa da taga, saboda ƙararsa da kuma hayaƙinsa, wanda gubar cikinsa ba ta da wari kuma tana kisa a rufaffen wuri. Ki ajiye fitilun caji biyu a hannun yara biyu da suka san aikinsu ke nan in an ɗauke wuta.

Akwai ɗabi'ar kulle ƙofofin ɗakin taro don kada ɗalibai su sulale. A daren nan kada a yi. Ranar 30 ga Disamba 1903, a gidan wasan Iroquois da ke Shikago a Amurka, tartsatsin fitila ya kama labule ana cikin wasan rana, kimanin mutum 600 suka mutu, da yawansu mata da yara, kuma babban abin da ya ƙara yawan asarar shi ne ƙofofin fita da ke kulle ko aka kasa buɗewa. Ki roƙi Hajiya ta sa malami a kowace ƙofa maimakon kwaɗo. Tukunyar kashe gobara da bokitin yashi su kasance a gefen dandamali, ki tabbata akwai wadda ta iya amfani da su.

Cikin yaran nan 9 akwai wadda ba ta da hayaniya, ba ta manta abu, sauran kuma suna jin maganarta. Ita za ki naɗa mai kula da dandamali. Ta samu kwafin wasan mai faffaɗan gefe, ta rubuta komai a jikin layinsa: a nan fitila ta mutu, a nan zakara ya yi cara, a nan a juya zuwa fada. Ranar wasa ita ke ba da umarni, ke kina tsaye a bayanta ba ki cewa komai sai in abu ya ɓaci. Sauran ki raba su: huɗu juya ginshiƙai da ɗaukar kaya, ɗaya fitila, ɗaya sauti, biyu teburin kaya. A shimfiɗa takarda a teburin a zana siffar kowane abu a inda yake zama, da an kalla an san farantin talla bai dawo ba.

Tun daga makon nan ki zana wurin ginshiƙai da ƙofa da tudu da alli a ƙasa, 'yan wasa su riƙa gwaji a cikinsa suna girmama layin. Ki zauna a kujerar ƙarshe ta dama a layin gaba, ki koma ta hagu, ki ga me ke ɓuya, me kuma ke fitowa na bayan fage da bai kamata a gani ba. Gini da fenti su ƙare saura mako guda cif, ba a fafe gora ranar tafiya. A wannan makon na ƙarshe ki ware yamma ɗaya ta ma'aikata zalla, ba a yin wasan, sai canjin fitowa kawai, ana maimaitawa kina riƙe da agogo har ya sauko ƙasa da daƙiƙa 30. Kowace ta san abu ɗaya da za ta ɗauka da inda za ta ajiye shi, alamarsa na ƙasa da tef. In canji ya kai minti biyu, iyaye sun shiga hira, dawo da su sai an sha wuya. Waƙa ko kiɗan ƙwarya a lokacin juyawa yana rufe giɓin. Bayan wannan sai cikakken gwaji sau biyu da kaya da fitila da sauti, ɗaya da dare ɗaya da hantsi, ba tsayawa ko me ya faru.

Ki tabbata sunayen 'yan matan nan sun fito a takardar shirin biki, kowace da aikinta, kuma a kira su gaba su gaida jama'a bayan 'yan wasa. A rubuta wannan tun yanzu, don ranar biki ba mai tunawa.

Washegarin biki aiki bai ƙare ba. A kwance ginshiƙan, a zuba sukuru a gwangwani, a jingina allunan a sito a kan bulo, nesa da bango da ƙasa saboda gara da damshi. Kayan aro su koma hannun masu su a ranar, a soke sunansu a littafi. Kwalin nan da littafin mai kula da dandamali da kwafin kasafi ki haɗa su a jaka ɗaya ki ba ofis, ki kuma sa 'yan aji biyar na cikin tawagar su riƙe makullin kayan aikin, tunda su za su tarar da wasan baɗi. Allah ya taimaka, Malama.